Na sayi tsohuwar 504 familiyal tana zafi: a gyara ko a rabu da ita?

Malamin Lakwal:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙarfe. Na sayi Peugeot 504 familiyal, mai kujeru layi uku, ta isansi, haɗin Kaduna, a hannun magadan wani dattijo nan cikin garin Maradi, jika 650. Tun rasuwar mai ita take ajiye ƙarƙashin bedi. Abin da ya sa na saye ta: iyali sun yi yawa, tsohuwata tana ƙauye bayan Madarunfa, duk sanda jikinta ya motsa sai an shiga neman motar haya cikin dare, ga hatsi da nake ɗaukowa da kaka. Kabu-kabu ba ta yi mini wannan aiki.

Mun sa batir, ta tashi. Inji ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Amma kafin in kai Ɗan Isa allurar zafi ta shiga ja. Idan na taka ta sosai sai ta riƙa sarƙewa. Fitilu ba su da ƙarfi. Ciki kuma wari ne, ɓeraye sun zauna. Wani makanike ya ce in bar shi ya cire kalosta (abin da ke tsare ruwa cikin inji har sai ya yi zafi), zafin zai tafi. Me kuka gani?

Hajiyar Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ya kiyaye sharrin ƙarfe.

Matashin Ali Ɗan Sofo:
Amin. Amma Malam, don Allah kada ka ji haushina, ni dai da ka tambaya kafin ka biya da na hana ka. Motar da aka fara ƙerawa a 1968 fa. Ko da taka ta ƙarshen haɗin Kaduna ce, ta kai wajen shekara 20. Isansi take sha lita 11 zuwa 13 a kilomita 100. Tun da aka rage kuɗin mai a Yulin 2024 lita tana 499, to ka lissafa: Maradi zuwa Damagaram wajen kilomita 235, zuwa kaɗai ka ƙone kusan jika 14. Carina E doguwa ko Corolla ba za su ci maka haka ba. Ka sayar tun ba ta ci albashinka ba, ka ƙara kuɗi ka nemi Toyota.

Tsohon Direban Layin Katsina:
Yaro, lissafinka daidai ne, amma ka bar rabinsa a aljihu. Nawa Carina E take yanzu? Tun da iyakar Gaya ta rufe a 2023, motocin da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayen Lome, ka je wurin masu sayarwa ka ji kuɗi. Malam bai ce yana da miliyan biyu a ajiye ba. Kuma ba Damagaram zai riƙa zuwa kullum ba, ƙauye zai shiga. Hanyar rairayi, hanyar da damina ke cinyewa. Carina da ƙafafun gaba take ja, ka loda mata buhu huɗu a baya sai gaban ya yi sama, ta tsaya tana tonon ƙasa. 504 da baya take turawa, kaya ƙara mata riƙo yake yi. Familiyal kuma ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa ƙafafun bayanta, da resor huɗu, biyu kowane gefe. Don ɗaukar nauyi aka yi ta. Na ci abinci da ita tsakanin Maradi, Jibiya da Katsina tun kan ka shiga lakwal, ban taɓa kwana a daji saboda inji ba.

Matashin Ali Ɗan Sofo:
Baba, na yarda da ƙarfinta. Amma ita wannan tun ba a je ko'ina ba ta fara tafasa.

Makaniken Sabon Gari:
Malam, sannu da hidima. Abu na farko, ka ajiye ta, kada ka ƙara hawa da ita titi sai an gano zafin. Gangar injin 504 baƙin ƙarfe ce, amma kilas ɗinta, wato kan injin da ke rufe silindoji, alminiyon ne. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi.

Na biyu, kada ka bari a cire kalosta. Ba ita ke kawo zafi ba sai in ta maƙale a rufe, kuma gane wannan ba wuya: a ciro ta, a jefa cikin tukunyar ruwa bisa wuta, in ta buɗe kafin ruwa ya tafasa lafiyarta lau. In ba ta buɗe ba a sayi wata, ba a bar gurbin haka ba. Ni ma ina shakkar tana ciki, yawancin 504 ɗin garin nan an cire musu tun tuni.

Ga abin da za ka duba da kanka gobe da safe, inji a sanyaye. Buɗe murfin da ake zuba man inji, ka ga ko akwai wani farin kumfa mai kauri a jikinsa. Zaro sandar awon mai, ka ga ko man ya koma kalar shayi da madara. Sannan ka buɗe radiyato, ka cika ruwa, ka tada mota ka tsaya kana kallo. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, iskar cikin silinda ce ke shiga ruwa, jowan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kilas da ganga, ya tafi. In babu, to da sauƙi: radiyato ne ya toshe, ko fanfon ruwa, ko fanka.

Kada ka taɓa buɗe murfin radiyato inji na zafi. Na ga yaron garaji da ruwan ya saɓule wa fatar hannu.

Tsohon Direban Layin Katsina:
Maigida, a nan zan saɓa maka. Mu duk cirewa muke yi. Kalosta don ƙasar sanyi aka yi ta. Garin da a watan Afrilu zafi ke wuce 40, me za ka tsare ruwa ya yi?

Makaniken Sabon Gari:
Baba, ku da asuba kuke tada mota, ba ku kashewa sai dare, inji kullum cikin zafinsa yake, shi ya sa ba ku ga illar ba. Malam fa daga gida zuwa lakwal zai riƙa yi, tafiyar minti goma. In babu kalosta, da sanyin hunturu injin ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba. Isansi ba ya ƙonewa duka, yana wanke man jikin silinda, yana gangarawa cikin man inji, sigma, wato zoben fistan, na cinyewa a hankali. Kuma cire ta ba ya buɗe radiyaton da ya toshe. Allura za ta ɗan jinkirta hawa, sai ka ɗauka an warke, ranar da ka loda iyali ka kama hanya da rana tsaka sai ta nuna maka.

Tsohon Direban Layin Katsina:
To, kai ke da garaji. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Ɗan Tiranzit:
Ku yi haƙuri in katse ku. Kowa na maganar inji, ba wanda ya tambayi takardu. Malam, kafin ka kashe ko dala a gyara: motar haɗin Kaduna ce, to ta shigo Nijar ta hannun duwan ko kuwa? Akwai takardar biyan duwan? Kart giriz da sunan wa? Ka buɗe kapo, ka nemo lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. Tsofaffin 504 da yawa jikin wata ne, injin wata, takardun wata ta uku. Ranar da za ka je canza suna ko bizit teknik, ranar abin zai fito.

Sai maganar gado, wadda ta fi duka nauyi. Mutum ɗaya ya sayar maka ko duk magada sun yarda? Akwai marayu ƙanana a ciki? A yi takardar saye, magada su sa hannu, a kai a buga mata hatimi a hukumance, da shaidu. Ba don tsoron jandarma kaɗai ba. Ba ka son ka ɗauki mahaifiyarka cikin abin da haƙƙin maraya ke ciki.

Malamin Lakwal:
Allah ya saka da alheri, Alhaji. Takardar duwan tana nan, ta tsufa amma ana karantawa. Kart giriz da sunan marigayin. An riga an raba gado, motar ta faɗa rabon babban ɗansa, kuma a gaban limamin unguwarsu da ƙannensa biyu muka yi ciniki. Lambar shasi na duba yanzu da tocila, ta yi daidai. Asirans da binyet sun mutu tun tuni, waɗannan na sani sai na sabunta.

Ɗan Tiranzit:
Alhamdu lillahi. Ka nemi kofin takardar rabon gadon ka haɗa, za a tambaye ka ita wajen canza suna. Kada ka ja lokaci.

Hajiyar Zariya:
Malam, bari in yi maganar cikin motar, tunda maigidana ya taɓa sayen irin wannan ajiyayyar kuma ni na sha aikinta. Turare ba ya korar warin ɓera, haɗuwa suke yi su fi da muni. A kwance kujerun duka uku a fito da su. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, wannan tsumman da ke ƙarƙashinta a zubar, shi ke riƙe fitsarin. Kashin ɓera kada a share shi a bushe, ƙurar na sa ciwo. A yayyafa ruwan jabel, a bari ya jiƙa, a kwashe da safar hannu da ƙyalle a hanci. Kujeru a wanke da omo da buroshi, a shanya su a rana kwana biyu ko uku, ana juyawa. In akwai kuɗin cizo a ɗinkin, rana da tafasasshen ruwa ke kashe su. Bayan nan ka sa gawayi cikin kwano ka bar shi ciki, gilasai a ɗan buɗe.

Abin da nake roƙonka da girman Allah, kada ka bari wani ya ce a fesa piya-piya ko maganin gona a rufe mota. Soso na shanye shi, rana ta buga ya riƙa fitowa, yara na shaƙa. Mutane na ɗaukar abin wasa.

Makaniken Sabon Gari:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma in an ɗaga shimfiɗar nan ne za a ga ainihin motar. Malam, ka ɗauki turnabis ka riƙa dannawa a ƙasan, wajen ƙafar direba, ƙarƙashin ƙofofi, gindin ƙofar baya, da saman inda amortiso na gaba, masu shanye girgiza, ke ɗaure. Tamu ƙasar busasshiya ce, tsatsa ba ta cika cin mota ba, amma wadda ta kwana damina da yawa ƙarƙashin itace, ganye na toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta ciki. Ƙaramin rami mai walda zai toshe. In wurin amortiso ne ya ruɓe, wannan magana ce babba, don 504 ba ta da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da komai. Inji kowane iri ne ana tada shi. Jiki in ya tafi, ya tafi.

Ka bi wayoyi ma. Ɓera na cin rigar waya, kuma waya tsirara kusa da tiyon isansi ita ke ƙone mota.

Malamin Lakwal:
Na dawo da bayani. Mun fitar da kujeru, ni da yara. Sheƙar ɓera biyu muka samu, ɗaya ƙarƙashin kujerar ƙarshe, ɗaya bayan tablo, da ɓawon gyaɗa da aya cike. Ƙasan lafiya lau sai rami ɗaya wajen ƙafar fasinja, bai kai tafin hannu ba. Wurin amortiso ƙarfe ne garau. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Gwajin safe kuma: man inji baƙi ne, ba madara. Amma kumfa na tasowa a radiyato, ƙanana, ba sa tsayawa. Ruwan ja ne jawur. Kalosta kuwa babu ita, an cire tun da.

Matashin Ali Ɗan Sofo:
To ka ji. Jowan kilas. An fara ke nan, Malam.

Tsohon Direban Layin Katsina:
Jowan kilas a 504 aikin yini ɗaya ne. Ba mutuwa ba ce.

Makaniken Sabon Gari:
Aikin yini ɗaya ne a hannun wanda ya san ta. A hannun wanda bai sani ba, nan ake kashe injin. Malam, ka karanta wannan da kyau, ko ba ni zan yi maka ba ka tsaya a kan mai yi.

Silindojin 504 ba a jikin ganga aka huda su ba. Shamis ne, wato bututun ƙarfe, guda huɗu da ake zurawa, ruwa na zagaye su, kowace tana zaune bisa siririn jowan a gindinta, kilas ne ke danne su daga sama. In aka kwance ƙusoshi aka fizge kilas sama kai tsaye, shamis na iya biyo shi ta ɗaga, jowan gindin ya lalace. Ka sa sabon jowan kilas, ka rufe, bayan sati ka ga ruwa cikin man inji, ka ce an cuce ka da kaya. Yadda ake yi, a girgiza kilas gefe ya saki kafin a ɗaga. Da an ɗaga a danne shamis da manyan washa (faifan ƙarfe mai huda) da ƙusa. Kuma kada kowa ya juya inji kilas na waje ba a danne su ba.

Kilas a kai wurin masu injin gyara su auna shi. In ya lanƙwashe a share kaɗan, in lafiya yake a bar shi. Ɗaurin ƙusoshi da makullin awo ake yi, daga tsakiya zuwa waje, ba da ƙarfin damtse da bututu ba. Sannan a daidaita tazarar supap, wato bawul ɗin shigar isansi da fitar hayaƙi, inji a sanyaye: milimita 0,10 na shiga, 0,25 na fita.

Duk wannan banza ne in ba a gyara abin da ya ƙone jowan ba. Jan ruwan nan tsatsa ce, da farar ƙasar ruwan rijiya da aka shekara ana zubawa. A kai radiyato wurin masu gyaransa su buɗe kai su zure bututun ɗaya bayan ɗaya. A sa sabon murfi, don murfin ne ke riƙe matsi ya hana ruwa saurin tafasa. A duba fanfon ruwa da tiyo. Fankar 504 da yawa tana da maganaɗisu, sai inji ya yi zafi take kamawa. In abin ya mutu fanka na juyawa a banza ba ta jan iska. Akwai ƙananan ƙusoshi uku da ake ɗaurewa ta riƙa juyawa kullum, a garinmu wannan ba laifi. A mayar da kalosta. Daga nan ruwan radiyato na galan za ka riƙa sa wa, ba na rijiya ba.

Ɗan Jibiya:
Salamu alaikum mutanen Maradi. Malam, batun kaya kada ya dame ka. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, kuma 504 ta daɗe ana yin ta can bayan Faransa ta daina, shi ya sa kayanta suka cika ƙasarmu. Gasket, wato jowan kilas ɗinku, fanfon ruwa, kwantak, filogi, duk akwai a Katsina. Abin da ya gagara, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Da yadda canji yake yanzu, mai sefa ba ya jin tsada. Sai dai jabu sun yi yawa, kwali mai kyau kaya ba kyau. Gasket kada ka sayi mai araha. Fanfon ruwa kuma sau da yawa tsohon na asali da aka ciro daga wata mota ya fi sabon kwali. Ka aiki wanda ya san kaya, ka ba shi tsohon ya tafi da shi a gwada.

Sarƙewar da ka ce, ina zargin tanki. Motar da ta daɗe a tsaye tankinta na tsatsa, man da ya kwana ciki ya zama danƙo. A sauke tanki a wanke, a busa tiyo, a sa sabuwar matatar mai ta roba mai gani-har-hanji kafin fanfon mai, sannan a wanke kafireto. In ka wanke kafireto ka bar tanki, jibi za ka sake.

Tsohon Direban Layin Katsina:
Haka ne. Kuma in za ka sha ruwa-ruwa na bakin hanya, ka sa a tace da ƙyalle a gabanka. Fitilu kuwa, kafin ka sayi komai, ka kwance wayar mas daga batir zuwa jiki, ka goge wurin da sampefa har ya yi fari, ka goge mazaunin fizibil. Sau da yawa shi ke nan.

Hajiyar Zariya:
Ni fa har yanzu ban ji wanda ya yi maganar birki ba, kuma yara za a ɗauka.

Matashin Ali Ɗan Sofo:
Hajiya, abin da ke raina ke nan tun farko. Ba gardama nake so ba. Motar nan ba ta da jakar iska, kujerun baya galibi ba bel. Mun san yadda aka riƙa cusa mutum goma cikin familiyal a tasha, kaya a sama har sun fi motar tsawo, mun kuma san gidajen da aka yi zaman makoki. Malam malaminmu ne, ba na son in ji wani labari.

Makaniken Sabon Gari:
Ƙanena, wannan maganar taka ba mai ture ta. Malam, kafin fenti, kafin rigar kujera, birki da taya. Birkin gaba na faifai ne, na baya na ganga ne. A buɗe duka huɗu. Robobin cikin silindar birki na bushewa in mota ta daɗe a tsaye, tiyon roba na tsagewa. Man birki na shan laima, a zubar da tsohon gaba ɗaya a sa sabo, kuma kada wani ya zuba maka ruwan omo ya ce zai kai ka gida. Taya kada ka dubi zanenta kaɗai. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin sati na 23 a 2015. In lamba uku ce, tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta shekara goma, kwaltar Afrilu na iya fasa ta ko da zanenta sabo ne. A duba rotil da sitiyari. Bel kuma ana iya ɗaurawa a baya, na sha yi.

Malamin Lakwal:
Jama'a, kwana biyu. An yi aikin kilas, na tsaya a kai kamar yadda Maigida ya ce, an danne shamis a gabana. Kilas ya ɗan lanƙwashe, an share. Radiyato fiye da rabin bututunsa a toshe suke. An sa kalosta, Baba ka yi haƙuri. Tanki da aka sauke, abin da ya fito ciki ya ba ni tsoro. Tayu biyu na 2011 ne, na canza su, sauran biyun sai ƙarshen wata, don haka ban ɗauki iyali ba tukuna kuma ba na wuce 60. Birkin baya ɗaya yana yoyo, an gyara. Fitilu sun dawo da goge mas kaɗai. Jiya na je Madarunfa na dawo da azahar, allura ba ta wuce tsakiya ba.

Abin da na kashe ya kusa jika 300, ban da asirans da canza suna. Ƙanena na Ali Ɗan Sofo, maganarka ta bel na riƙe ta, an auna wurin ɗaurawa.

Matashin Ali Ɗan Sofo:
Allah ya tsare, Malam. Har yanzu ina ganin in ka haɗa 650 da 300 da abin da ke gaba, ka kusa kuɗin wata motar. Amma tunda ka gyara birki, hankalina ya ɗan kwanta. Ka rubuta abin da take sha wata ɗaya ka kawo mana, in na yi kuskure a lissafi in sani.

Tsohon Direban Layin Katsina:
Madarunfa ba gwaji ba ce, kusa ce. Ka loda mata hatsi ka dawo da ita ta rairayi, sannan mu yi maganar kalosta.

Makaniken Sabon Gari:
Kada ka loda mata komai tukuna. Sabon jowan na kwantawa, in ta yi wajen kilomita 1000 sai an sake ɗaure kilas an sake daidaita supap, a kuma zubar da man da ke ciki. Ka riƙa duba ruwa kowace safiya kafin ka tada ta. In lokacin ya yi, ka kai ta garaji da yamma ta kwana can, don aikin ba ya yiwuwa sai inji ya huce sarai.